Hannuwa Biyar da Kafaɗar Ƙaninka

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta uba da ɗansa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya sauke ka lafiya a ƙasar da ka nufa, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya raba ka da sharrin hanya da na masauki. Na ba mamarku ta naɗe ta cikin dardumar sallarka. In ka same ta ranar da ka sauka, to na san ka yi salla a kan lokaci. Ka san halina. A kwata ina iya yi wa taron mahauta faɗa a tsaye har muryata ta dishe, amma in na zauna gabanka sai bakina ya yi nauyi. Sunan mahaifina gare ka, kuma kai ne na fari. Shi ya sa na nemi biro.

Zan fara da abin da ban taɓa faɗa maka ido da ido ba. Ina alfahari da kai, Abba, alfaharin da har ya fara damun jama'ar Agege. Tun da labarin nan ya fito, ba wanda ya tsaya a teburina bai ji shi ba. Shekaranjiya wata Iya Bayarabiya ta zo sayen hanta kawai, na tsare ta da labarinka har ta ce, "Alhaji, jo, don Allah ba ni hantata in tafi, Allah ya yi wa yaron albarka." Mutanen kwata kuwa har yau ba su gama gane aikin ba. Wani ya tambaye ni, "To shi ɗan naka jifan zai riƙa yi?" Na ce a'a, shi zai zaɓi masu jifan. Ƙungiyar besbol ce ta ƙwararru, mai biyan albashi, ta ɗauko shi tun daga nan ya taya ta haɗa mutum biyar da za su riƙa buɗe wasa da jifa, karɓa-karɓa, yau wannan gobe wancan, kowa ya yi ya huta. Kuma yanzu da ake hutun wasa ake wannan aiki, kafin a buɗe kakar wasa. Sai ya ce, "Au, ashe aikinka na da ya gada." Na buɗe baki zan musa, sai na ga gaskiya ya faɗa.

Ni ne fa na kira wasan nan aikin banza, lokacin da kake kama motar danfo zuwa filin Isolo da safar hannun nan taka mai kama da kunnen sa. Da ka matsa na je kallo, ban gane me ya sa ake gudu ba, ban gane me ya sa ake tsayawa ba. Amma na gane abu guda. Duk mutanen da ke filin, da mai sanda da mai tsugunno da waɗanda suka watsu can nesa, jiran hannun mutum ɗaya suke. In hannun nan ya yi kyau, kowa ya ci abinci. In ya lalace, kowa ya sha rana a banza. Wannan kuwa ba sai an yi min fassara ba, don na daɗe ina riƙe da 'yan damben mahautan unguwar nan kafin gwiwa ta zaunar da ni. Ni ke kawo su, ni ke ci da su, ni ke ɗaura musu zare a hannu, ni ke cewa wane ya shiga wane ya zauna.

Ga abin da ya sa takardar ta yi tsawo. Mutanen da suka ɗauke ka sun ce in ka isa ka zauna da manyansu, kana iya ba su sunan mai jifa ɗaya daga gida. Kujera ɗaya ce. Unguwa kuma ta riga ta zaunar da ƙaninka Nafi'u a kanta. Ba su yi laifi ba, don kai da bakinka ka ce ba ka ga hannu mai saurin nasa ba a duk filayen Legas. Abokansa sun fara kiransa ɗan ƙasar waje, shi kuma ya sayi jaka ya ɓoye bayan ƙofa yana zaton ban gani ba. Amma kafaɗarsa ta dama ba lafiya, Abba. In ya tafi bana, ina tsoron ya dawo da hannun da ba zai ɗaga buta ba. Zan zo kan wannan. Bari in fara ba ka labarin kurakuraina, don ka san ba daga sama na ɗauko maganar ba.

Na farkon abin dariya ne, kuma har yau tsofaffin kwata suna tsokanata da shi. Ka san 'yan dambe 'yan ci-rani ne. Da damina kowa yana gida yana noma, sai an yi kaka su sauko Legas. To damina ita ce lokacin da mai riƙe da 'yan dambe yake aikinsa na gaske, yake neman waɗanda zai kawo. Ni kuwa a shekarun farko sai na mai da ita lokacin barci. Ina zaune a Agege, sai wani makaɗi ya zo yana zuba min labarin wani Labaran daga ƙasar Zamfara. Wai in ya kai duka sai an nemo ruwa an yayyafa wa mutum. Wai ya kwantar da wane, ya kwantar da wane. Makaɗi fa, mutumin da sana'arsa ke nan! Amma na saki baki na haɗiye. Na aika aka ce Labaran ya taho, na cika gari da cewa bana an gama da kowa.

Ranar da ya iso muka je tarbarsa inda motocin shanu ke sauke kaya. Cikinsa ne ya fara saukowa, sannan shi. Ashe bawan Allah ya bar noma tuni, ya kafa teburin shayi a bakin tasha, kuma da alama shi ne babban mai sayen kayansa. Duk abin da makaɗin ya faɗa gaskiya ne, sai dai gaskiyar da ta tsufa. Ranar da ya shiga fili, turmin farko, wato zagayen farko, bai ƙare ba ya fara haki, a na biyu ya nemi wuri da kansa ya zauna ba wanda ya taɓa shi. Ya gama ci-raninsa a gidanmu yana cin tuwon mamarku yana yabon miyarta. Mutumin kirki ne, Allah ya sani, sai dai ba abin da na aika a kawo ba ke nan.

Daga wannan shekarar ban sake zama da damina ba. In bi motar shanu in tafi arewa, in je ƙauyen mutum, in zauna bakin gonarsa kamar mai jiran wani. In ga yadda yake riƙe fartanya. In ga ko yana sauya hannu, in ga ko bayan azahar yana nan duƙe ko ya koma gindin bishiya. To kai ma haka. Za su nuna maka hotunan bidiyo da lissafi a kwamfuta, kuma ka riƙe su da kyau, ilminka ne, ka sha wahala kafin ka same shi, ni ban da shi. Amma ka tambayi kanka yaushe aka ɗauki hoton. Ka taka da ƙafarka ka je inda mutumin yake hutu. Ka ga abin da yake ci, ka ga ko yana motsa jiki ba tare da an tsaya a kansa ba. Kada girman suna ya sa ka ji kunyar cewa a ba shi ƙwallo ya jefa a gabanka.

Na biyun ya fi na farko tsada, ko da yake lokacin ban san kuskure ba ne. Akwai wani Idi, mutumin Maraɗi, yana gadin wani shago a Idumota, da yamma ya zo wurinmu. Siriri ne, bahago, ba shi da kwarjini ko kaɗan. Dambensa kuwa sai ya sa ka hamma. Ba ya kisa, wato ba ya kai mutum ƙasa, amma shi ma ba a kai shi. Zai yi turmi ukunsa cif, ya gajiyar da abokin karawarsa, a tashi ba kisa, ya kwance zarensa ya ce, "To, madalla," ya koma bakin gadinsa. Makaɗa ba sa son shi don ba abin da za su yi masa kirari da shi. 'Yan kallo in ya shigo sai su tafi sayen rake.

Ni kuma lokacin jinina na tafasa. So nake duk wanda na fitar ya zama mai guduma, a ji ƙara, a ga mutum a ƙasa. Na tara ƙarti masu dukan dama, kowa kamar an tsaga kara da ɗan'uwansa, na ce wa Idi ya nemi wani wuri. Bai yi gardama ba. Ya ce, "Maigida, na gode da abinci," ya tafi. Abokan hamayyarmu suka ɗauke shi. Sai ga ƙartina da ba su saba da bahago ba suna ta kai wa iska duka, shi kuwa yana zagaya su a hankali kamar mai neman wurin shanya. Wannan kunyar ma mai sauƙi ce. Abin da ban lissafa ba shi ne, ranar da Idi ke fili, ranar ce manyan 'yan dambena ke hutawa. Da na kore shi, hutun nasu na kora.

Saboda haka in ka zo haɗa biyar ɗinka, kada su zama iri ɗaya. Ka nemi mai sauri, ka nemi mai wayo, ka nemi bahago ko da sai ka yi tafiya kafin ka same shi. Kuma ka bar wuri ga irin Idi, wanda zai daɗe a fili yana jifa ba tare da an tafa masa ba, ya kai ku yamma lafiya. Masu ƙungiya ba za su so shi ba, don ba a sayen riga da sunansa. Ka tsaya masa. Sannan kada ka yarda cewa biyar sun isa. Ka ajiye na shida da na bakwai a kusa, ka riƙa kula da su kana yi musu magana mai daɗi, don kakar wasa tana da tsawo, kuma jikin ɗan'adam ba ya ba da sanarwa.

Yanzu na zo kan Haladu. Ka san shi, mai sayar da takalma a Idumota, wanda ke kawo muku na Salla kuna yara. Ka san hannunsa na dama ba ya wuce ƙirjinsa. An ce muku ciwon dambe ne, kuma ba a yi muku ƙarya ba, sai dai ba a ba ku labarin duka ba.

Ban taɓa riƙe ɗan dambe kamarsa ba, kuma ba na jin Legas ta sake ganin irinsa. Ga tsawo, ga sauri, ga fara'a. Yana murmushi zai kwantar da mutum, sannan ya miƙa hannu ya tashe shi. In aka ce Haladu zai sa zare, 'yan okada sukan ajiye aiki. Yarabawan da ba sa jin ko "sannu" sun iya kirarinsa. Ni kuwa ina tafe a gabansa ina hura hanci kamar ni na halicce shi.

A shekarar da na kori Idi, aka gayyace mu wasan makon Salla a Ikorodu. Tun da aka fara kullum Haladu na fili, don ba ni da wanda zan sa ya cike gurbi jama'a su yi haƙuri. Ranar ƙarshe na yi niyyar zaunar da shi, Allah shaida ne. Sai ogan da ya shirya wasan ya zo ya dafa ni bayan la'asar, fili ya cika har kan katanga. Ya ce, "Alhaji, ka dubi mutanen nan. Ba don kowa suka zo ba. In Haladu bai fito ba, wahala de o." Na dubi mutanen. Kalangu na tashi, ana kiran sunan yarona, ana haɗawa da nawa. Na ce a kira min shi.

Ka san yadda ake ɗaurin. A naɗe dunƙulen hannu da ƙyalle, sannan a bi da zare a ɗaure tamau har wuyan hannu. Mai ɗauri yakan ɗaga gwiwar hannun don ya zagaya da zaren. Da na ɗaga ta Haladu, sai na ji wani ɗan motsi a ƙarƙashin yatsuna. Kaɗan ne ƙwarai, kamar mutum ya taka ƙaya ya fasa cewa wash. Na kai tafina kan kafaɗar na ji ta da ɗumi.

Na ce, "Haladu, kafaɗar nan fa?"

Ya yi dariya ya ce, "Maigida, lafiyata ƙalau. Ɗaura kawai, ana jiranmu."

Na ce, "Ka tabbata?"

Ya ce, "Haba Maigida, ni ne fa."

Yatsuna sun faɗa min abu ɗaya, bakinsa ya faɗa min wani. Na zaɓi bakin, don shi ya faɗi abin da nake son ji. Na ja zaren na ɗaure.

A turmi na biyu ya kai duka da dukan ƙarfinsa, abokin karawar ya goce. Ba wanda ya taɓa Haladu. Hannun ne kawai ya tafi bai dawo daidai ba, ya sauka yana reto a gefensa. Kiɗa ya tsaya. Shi kuwa bai faɗi ba, bai yi ihu ba. Ya juyo yana nemana cikin taro da ido, har ya same ni. Mun je wurin mai ɗori, mun je asibiti, mun yi abin da za mu iya. Likita ya ce jijiyar ta daɗe tana tsagewa kaɗan-kaɗan, da an huta mata da ta haɗe. Haladu bai sake sa zare ba, kuma lokacin bai ma yi aure ba.

Abin da ya fi ci min rai, bai taɓa ɗora min laifi ba. Har yau in na je Idumota sai ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya tallafo hannun daman da na hagu ya miƙo min mu gaisa, ya ce, "Maigida, ina gajiya?" Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

To ka ji babbar shawarar da nake da ita, wadda sauran duk rakiya suka yi mata. Kada ka tambayi saurayi ko hannunsa na ciwo ka tsaya a kan amsarsa. Zai ce lafiya lau. Ba mugunta ba ce, ba kuma ƙarya ce irin ta maƙaryata ba. Yana tsoron in ya zauna wani ya hau wurinsa, yana jin kunyar abokansa, kuma a shekarunsa bai yarda jiki na ƙarewa ba. Kai aka ɗauka don ka ji tsoron a madadinsa. Ka dube shi lokacin da bai san ana dubansa ba, yadda yake sa riga, yadda yake ɗaukar jaka, hannun da yake miƙawa in an jefo masa makulli. Ranar da mai ƙungiya ya dafa ka ya ce dubi jama'a, ka dubi kafaɗar yaron. In ranar hutunsa ce, ranar hutunsa ce, ko wasan ƙarshe ne, ko za a kore ka a kai. In an kore ka ka dawo gida, teburin nama na nan, ba za mu kwana da yunwa ba.

Ciwon Nafi'u a masallaci na gan shi. Ina sahun bayansa, liman ya yi kabbara, kowa ya ɗaga hannu. Na hagunsa ya kai kunne, na daman ya tsaya wajen haɓa. Na ce ƙila idona ne. Na sake tsayawa bayansa a wata sallar, na ga haka, na sake na ga haka. Sai na lura ya daina sa riga mai shiga ta ka, sai mai maɓalli. Allah ya yafe min sallolin nan, don rabin hankalina na kan kafaɗar yaro.

Amma ga inda na ji daɗin da ban san yadda zan faɗe shi ba. Ranar Juma'ar da ta wuce, da aka yi kabbara, na ɗan saci kallon gefe, sai na ga ba ni kaɗai ke kallon kafaɗar ba. Kana can ƙarshen sahu, idonka na inda nawa yake. Daga nan na fara haɗa abubuwa. Na tuna ka daina barinsa ya yi dogon jifa a fili, kana cewa ƙwallayen sun tsufa. Na tuna duk wanda ya ce maka "sai ku tafi da ƙaninka" sai ka ce "Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri" ka kawar da kai. Mamarku ta ce tuwonka na dawowa kusan yadda aka kai shi. Ashe ka riga ni gani. Abin da ni ban koya ba sai da na lalata hannun ɗan mutane, kai ka iya shi ba ka ɓata kowa ba. Wallahi Abba, a masallacin nan na ji ƙirjina ya cika, na rasa ko dariya zan yi ko hawaye, sai na yi ta gyaran hula.

Na kuma gane abin da kake shirin yi, don na san ɗan da na haifa. Za ka tafi, ka ba su sunan wani, ka yi shiru. Ba za ka tona ciwon ƙaninka ba don kada sunansa ya ɓaci a wurin masu ɗaukar 'yan wasa. Unguwa ta ce ka samu wuri ka manta da jininka. Nafi'u ya riƙe ka a zuciya, ƙila har ku tsufa. Kai kuma ka haɗiye duk wannan kai kaɗai a ƙasar da ba ka san kowa ba. Wannan ne ban yarda da shi ba.

Jiya bayan la'asar na kira Nafi'u kwata, lokacin mutane sun ragu. Na ce, "Miƙo min ƙugiyar can ta sama." Ya kai hannun hagu. Na ce, "Da dama." Ya dube ni, na dube shi. Ya ɗaga hannun, ya kai rabi, ya tsaya, gumi ya tsattsafo masa a goshi.

Ya ce, "Baba, ba komai ba ne fa, small pain ne kawai. In na yi warming yana tafiya."

Na ce, "Na sani. Ba za ka tafi bana ba."

Ya ce, "Yaya Abba ne ya ce?"

Na ce, "Yayanka bai ce min komai ba. Ni na haife ka, ni na ce. Ko ya ba da sunanka ba zan sa albarka ba, kuma ka san ba zai tsallake maganata ba. Gobe za mu ga likitan ƙashi."

Abba, ban taɓa ganin fuskar yaron nan haka ba. Ya ce, "Baba, kun san me kuka yi kuwa? Irin wannan chance ɗin ba ya zuwa sau biyu. Kun kashe ni, Baba." Ban ce masa ƙarya yake ba, don mai yiwuwa gaskiyarsa ce. Mai yiwuwa baɗi ba kujera, mai yiwuwa kafaɗar ta warke saurin bai dawo ba. Ban yi masa alkawarin komai ba, kai ma kada ka yi. Ya juya ya fita bai ce sai an jima ba.

Da magariba na zauna a majalisar ƙofar masallaci na faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji, na ce ni na hana Nafi'u tafiya, ina da dalilina, kuma ba na neman shawara. Ban ambaci kafaɗa ba. Ka san Agege, kafin isha labari ya kai bakin titin jirgi. Yau da safe har an fara cewa tsohon nan ya cika son kai, yana son mai taya shi ɗaukar nama. Na ji, na ci gaba da wasa wuƙata. Nafi'u ya bi ni wurin likita, amma a danfo ya zauna can baya, zuwa da dawowa. Likita ya ce a ajiye ƙwallo tukuna, a yi hoto, a fara gashi da motsa jiki a hankali. Abincin rana ma a gidan abokinsa ya ci.

Don haka ka tafi da zuciya ɗaya. Ka ba su sunan wanda ya cancanta, ko ɗan wane ne, ko daga wace unguwa, ka haɗa biyar ɗinka yadda iliminka da idonka suka nuna maka. In Nafi'u ya kira ka yana zagin taurin kaina, ka saurare shi, kada ka kare ni. Ka ce masa ka san halin Baba. Ka tambaye shi abin da likita ya ce, ka turo masa irin motsa jikin da kuka sani, ka tsaya a kansa ya yi. Daga gare ka zai karɓa, daga gare ni ba zai karɓa ba yanzu. Ka kira mamarku a kai a kai, ita ce ke tsakiya, kuma ba ta da laifin kowa. Ka ci abinci. Ka nemi inda masallaci yake tun kafin ka nemi inda kasuwa take.

Kada ka ji tausayina a kan wannan. Fushin ɗa da ubansa yana da iyaka, ko bai huce don Allah ba zai huce ranar da ya ga na fara jan ƙafa. Ni kwanakin da suka rage min ba su kai na baya ba, ku kuwa kuna da tafiya mai nisa tare, kuma in na kwanta dama ku biyu za ku kama makarata. Ina so ranar ya kasance kuna magana da juna, kuma ina so ya ɗauka da kafaɗarsa ta dama.

Allah ya tsare min kai a tafiyarka da zamanka. Allah ya ba ka ido mai gani da zuciyar da za ta iya cewa a'a. Allah ya kiyaye hannuwan 'ya'yan mutane da za a damƙa maka, ya ba ƙaninka lafiya, ya dawo mana da kai cikin aminci. Mamarku na gaishe ka, mutanen kwata na gaishe ka.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
daga Agege.